Itacen Biƙi a Layin Kantuna

A ƙasar Wurno ba a tambayar magidanci ko iyalinsa na da juna biyu. Kunya ta hana, kuma babu ma bukatar tambaya, ƙofar gidansa ake dubawa. Da zarar ciki ya tsufa, sai a ga mutum ya fara dawowa daga gona da gungume a kafaɗa, yau marke, gobe kirya, yana jingine su a jikin darni har tulin ya tasar ma tsawon mutum. Wannan shi ne itacen biƙi, wanda za a riƙa tafasa ruwan wankan mai jego da shi safe da marece har ta yi arba'in. Masu wucewa ba su cewa uffan, amma kowa yana aunawa da ido. Dangin mace kuwa da shi suke gane irin hannun da 'yarsu ta faɗa.

Mu'azu ɗan Kwargaba ya san wannan sarai. Duk da haka, ranar Lahadin da matarsa Kulu ta sauka, ko tsinke babu a ƙofarsa, domin inda yake zaune ba a tara itace.

A Sakkwato yake aiki, a layin kantunan Turawa da Kwarori da ke bayan ganuwa. Shi ne malamin sito na wani kamfani mai sayen ƙirgi da fatar jan akuya, yana kuma sayar da atamfa da gishiri da ashana da kananzir. Makullan sito a hannunsa suke kwana, saboda haka kamfani ya ba shi ciki da falo a bayan siton, da sharaɗin a nan zai riƙa kwana. Mutanen Kwargaba in sun zo birni sukan leƙa su ga rufin kwano da daɓen siminti da famfo a tsakar gida, su koma suna cewa ɗan Malam Isa ya haye.

Daga hantsi zuwa la'asar, layin nan babu masaka tsinke. Ga jakunan Rabah da ƙiraga, ga raƙuma, ga motocin Gusau suna sauke durom-durom, leburori na waƙa, dillalai na rantsuwa a gaban sikeli. Amma da an yi la'asar sakaliya sai a jawo ƙofofin ƙarfe, a danna kwaɗuna, kowa ya kama hanyar cikin gari. Ba a jin daka, ba a jin carar zakara, ba a ganin hayaƙin tuwon kowa. Kiran salla ma daga nesa yake ƙetaro ganuwa, ya iso a gajiye. Farkon zuwan Kulu ta leƙa ta ƙofar baya ta ce, "Malam, gidan wa ne wancan?"

"Sito ne."

"Wancan mai koren ƙyaure hwa?"

"Shi ma sito ne."

Sai ta ce, "To ina mutane?"

A bakin ƙofar shiga akwai allo an rubuta da boko da ajami cewa ba a hura wuta a cikin wannan shinge. Girki sai a kan risho, a wani ɗan ɗakin kwano can ƙuryar fili, nesa da kananzir. Mu'azu bai taɓa ganin aibin dokar ba. Shi mutum ne mai taka-tsantsan, wanda in ya kulle ƙofa sai ya dawo ya girgiza kwaɗon, in ya yi nisa kuma ya sake dawowa.

Bisa al'ada, haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Mu'azu ne ya hana. Yayarsa Habi, wadda ta goye shi, a wajen haihuwa ta rasu a Kwargaba, ana ta jiƙo da turare, mota ba ta zuwa, har rai ya yi halinsa. Tun daga ranar bai ƙara ganin mai ciki gabansa bai faɗi ba. Don haka da cikin Kulu ya tsufa, ya je Magarya ya durƙusa gaban surukinsa Malam Mode, ya roƙi a bar ta a birni kusa da asibiti, ta haihu can, ta yi wanka can. Tsohon ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Duk abin da aka yi ma mai biƙi gida, za a yi mata can?"

"Za a yi, Baba. Na yi alkawari."

"To. Ƙanwata Zinariya za ta taho ta gani. In ta ga ba haka ba, ranar da anka yi suna ta taho min da ɗiyata."

Maganar itace ta faɗo wa Mu'azu tun kafin ya miƙe daga durƙuson. Ya ce a ransa ai ruwan zafi ruwan zafi ne, ko a kan me aka dafa shi. Da wannan ya kwantar da hankalinsa a hanya.

Kulu ta haihu lafiya, mace. Ranar da aka sallamo su daga asibiti, ranar Goggo Zinariya ta iso a motar Lauwali mai zuwa Goronyo ta Wurno. Ƙanwar Malam Mode ce, gajeruwa, busasshiya, wadda ta yi wa mata wankan jego a Magarya har ba ta san iyakarsu ba. Ta sauko da wata ƙatuwar tukunya da aka naɗe da tsumma, da dami na ganyen runhu, da kanwa da kayan yaji a ƙullin zane. Ta karɓi jaririyar ta jujjuya ta, ta yi mata addu'a. Kulu kuwa ta kau da kai gefe kamar ba ita ta haifa ba, irin kunyar ɗan fari. Sa'an nan tsohuwa ta fito tsakar gida, ta dubi gabas ta dubi yamma.

"Malam, ina itacen?"

Mu'azu ya sunkuyar da kai. "Goggo, nan ba a hura wuta."

"Mi kac ce?"

"Doka ce ta kamfani. Akwai kananzir cikin sito, da ashana."

"To ku da mi kuka dahuwa? Ko ɗanye kuka ci, awa awaki?"

Ya kai ta ɗakin kwanon, ya bunƙasa risho, ya kunna. Harshen wutar ya fito shuɗi yana huci. Zinariya ta duƙa ta ƙare masa kallo.

"Wanga abu?" in ji ta. "Wanga in ya ga tukunyata sai shi suma."

Haka kuwa aka yi, tukunyar ko zama a kansa ba ta yi ba. Mu'azu ya koma dafa ruwa a buta, yana juyewa a kwatarniya, yana sake ɗorawa. Kafin ta ƙarshe ta tafasa, ta farko ta huce. Zinariya ta tsoma hannu har gwiwa ta fito da shi, ta nuna masa.

"Ka ga hannuna? Ruwan biƙi ba a sa mashi hannu. Sai da ganye, ka tsoma ka fyaɗa, tururi na tashi awa an kwance gari. Wanga ruwan alwalar tsoho ne. Jikin mai biƙi ɗanye ne, Malam, gasa shi akan yi. In sanyi yash shige ta, ba ni ba, ba likitanka ba."

Washegari ya tafi can ƙarshen layi, inda wata mai tuwo-tuwo ke kafa murhu don leburori, ya yi magana da ita ta riƙa tafasa masa ruwa, 'yan garuwa suna kawowa. Amma mai tuwon ba ta ɗora nasa sai ta sauke nata, kuma tafiyar da nisa. Ruwa ya iso da ɗumi, yana warin garwa. Zinariya ta yi wankan da shi ba don ta so ba, tana yi tana mita. Ya kawo shawarar ya kama musu ɗaki a cikin gari, ta ce in dai mace za ta zauna inda mijinta ba ya kwana, to ɗakin uwarta ya fi na haya.

Damina ce ta zo ƙarshe, gero ya fitar da kai, safiya akwai raɓa da sanyi, ga daɓen siminti kamar ƙanƙara. Ranar Alhamis Kulu ta tashi ƙafafunta sun ɗan kumbura, tana rawar ɗari. Mu'azu ya ruga asibiti, malamin da ke ba da magani ya ba shi ƙwayoyi ya ce zazzaɓi ne, zai wuce. Ya yarda da maganar malamin. Amma da ya dawo ya ga yadda Zinariya ke latsa ƙafar da yatsa tana girgiza kai, sai ya ji ya yarda da ita ma. Fuskar Habi ta riƙa yi masa gizo. Shi da ya riƙe Kulu a birni don ya tsare ta, yanzu bai san daga wane ɓangare abin da yake tsoro zai ɓullo ba.

Da azahar ya shigo cin abinci, tsohuwa tana wanki a bakin famfo. Ya zauna bakin gado ya ce wa Kulu, "Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kin sha maganin?"

"Na sha." Ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Kulu ba mai yawan magana ba ce, tun da ya aure ta bai taɓa jin ta nemi wani abu da bakinta ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, ni ban ce ka taka dokar mutane ba. Aikinka shi ar rufin asirinmu. Amma duk randa nit tahi gida, mata za su tambaye ni. Ba su tambayar famfo. Cewa za su yi, wane irin itace anka tara maki? Ban san mi zan ce ba."

Bai iya cin abincin ba.

Ranar Juma'a da safe ya sa farar rigarsa ta aiki, ya shiga ofishin Baturen kanti. Leburori suna kiransa Mai Lofe, domin kullum lofe na bakinsa, amma ba a taɓa ganin ya kunna shi a cikin shingen ba, sai dai ya yi ta taunar bakin. Ya daɗe a ƙasar, yana jin Hausa. Mu'azu ya yi bayani a tsare, kamar yadda ya kwana yana shiryawa: murhu ɗaya, a ƙuryar fili, shi da kansa zai tsaya a kai da bokitin yashi.

Mai Lofe ya saurara har ƙarshe. Ya yi masa barka, ya tambayi lafiyar jaririya. Sa'an nan ya cire lofen ya ce, "Malam Mu'azu, kafin in zo nan na yi aiki a wani gari. Matar mai gadi ta hura wuta kaɗan, don kunu. Iska ta ɗauki tartsatsi. Ni na fito da mijinta daga cikin sito da hannuna, ban gane fuskarsa ba. Na san kai mai hankali ne. Amma iska ba ta da hankali. A cikin shinge, a'a."

Mu'azu ya ce, "Ranka ya daɗe," ya fito. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai ga inda mutumin ya yi ƙarya ba.

Ranar Asabar da azahar ake rufe kantuna, ba a buɗewa sai Litinin. Da layi ya watse, Mu'azu ya girgiza kwaɗunansa, ya fita ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya nufi bakin gulbi inda masu jakuna ke sauke itace. Ya zaɓa da kansa, yana ɗagawa yana ƙwanƙwasawa kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi, ya ƙi ɗanye, ya ƙi wanda gara ta ci. Marke da kirya zalla ya saya, lodin jakuna da yawa, irin tulin da zai kai mace arba'in. Ya biyo su a ƙafa har layin kantuna, farar rigarsa ta yi baƙi da ɓawo.

Sale mai gadi yana zaune a bakin ƙofa. Mutumin Rara ne, tsohon soja, da guntun kunne. Da ya hango jakuna ya miƙe ya tare ƙofar da sandarsa.

"Malam, ka san ni da kai ba mu taɓa ɓatawa ba. Amma wanga kaya ba shi shiga nan."

"Ba shiga za shi yi ba, Baba Sale. Dokar ta ce cikin shinge. Hanya ba ta kamfani ba ce."

Sale ya dubi hanyar. Faɗinta ya ishi motoci biyu su gifta, ga ta fayau ba kowa, sai takardu da kashin jakuna. Ya sosa guntun kunnensa.

"Tsakiyar titi? Kai, 'yan boko! Ku in kunka tashi hauka sai kun yi mata ƙa'ida." Ya jingine sandar. "Kawo duwatsu. Ba nan ba, can gaba, inda iska ka kaɗawa wajen fili."

Suka kafa murhu a tsakiyar hanya. Mu'azu ya jera bokitan yashi da na ruwa kewaye da shi, ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji inda iska ta nufa, ya sake jiƙawa. Sa'an nan ya ƙyasta ashana. Zinariya ta fito da tukunyarta a ka, ta ture shi gefe ta gyara zaman itacen, ta hura da bakinta. Wuta ta kama marke, hayaƙi ya miƙe sama tsakanin rufin kwanoni, a wurin da tun da aka gina shi bai ga hayaƙin itace ba.

Da ruwa ya tafasa har yana tsalle, Mu'azu da Sale suka riƙa kamfata a bokiti suna rugawa da shi bayan ɗaki. Daga inda ya tsaya yana jin fyaɗar ganye, yana jin Kulu na jan numfashi ta haƙora, tsohuwa na cewa, "Daure, ɗiyata, daure. Yau kinka fara biƙi." Ƙamshin runhu ya cika fili. Mu'azu ya koma bakin murhu ya tsuguna, idonsa a kan kowane tartsatsi har ya mutu.

Hayaƙin nan ya fito da mutanen da bai san da su ba. Daga bayan siton mai koren ƙyaure wata Bayarabiya ta leƙo, matar wani akawu, da goyo a bayanta. Ta ce shekararta biyu a nan, ba ta san akwai mace a wannan shingen ba. Ta koma ta dawo da sabulu da ɗan kwalin hoda. Wasu Buzaye masu gadi suka matso da butar shayinsu suka roƙi garwashi. Kafin magariba an yi kunun kanwa a kan murhun, Kulu ta sha tana gumi, ta yi barcin da ba ta yi irinsa ba tun da ta haihu. Ko ƙwayoyin asibiti ne suka yi aiki, ko ruwan ne, Mu'azu bai sani ba, bai kuma tambayi kowa ba.

Ranar Lahadi aka yi suna. Babu taron da ake yi a Kwargaba, inda tun asuba tabarmi ba su isa. Liman ɗaya ya ɗauko daga cikin gari, sai wansa da ya zo daga gida, sai Sale da Buzayen nan da akawun nan mijin Bayarabiya. Suka zauna a barandar kanti, a ƙarƙashin hoton atamfa. Aka yanka rago, aka raba goro, aka yi fatiha, yarinya ta ci sunan Habiba. Aka tsire ragon a jikin itace aka kafa shi a gefen wuta, nan tsakiyar titi, kitse na ɗiga. Zinariya ta yanki na mai jego ta barbaɗe shi da yaji. Da za ta wuce ta gabansa ta ce, ba ta tsaya ba, "In haka za a dinga yi, ba ni da ta cewa."

Mu'azu ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya riga ya tsara: wuta da sassafe kafin a buɗe kantuna, wuta da marece bayan an rufe. Ya kwashe toka, ya share wurin, ya zuba ruwa, ya jera sauran itacen a bayan shinge ta waje.

Amma ƙasa ba ta ɓoye inda aka hura mata wuta. Ranar Litinin da hantsi, ga baƙin tabo nan a tsakiyar hanya kamar faifai, kuma a daidai wurin ne motar Gusau ke tsayawa ta sauke man fetur. Mai Lofe ya sauko daga motarsa, ya tsaya a kan tabon, ya duƙa ya taɓa ƙasar da tafin hannu. Da sauran ɗumi, don an yi wankan safe. Ya dubi tulin itacen, ya aika a kira malamin sito.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san hanya ba tasa ba ce, kuma ya ga bokitan yashi. Ya ce amma masu sauran kantuna sun riga sun yi masa magana, in an sake za su kai ƙara a turo 'yan doka. "Ba ni so in rasa ka," in ji shi. "Amma wanda ke riƙe da makullin kananzir ba ya hura wuta a ƙofar kananzir. Ka zaɓa, ka gaya mini kafin a tashi."

Mu'azu ya koma sito. Ya auna fatu, ya karɓi gishiri, ya sallami masu jakuna, bakinsa na aiki, zuciyarsa na wani wuri. Ya tuna gonar gadonsu ta Kwargaba da ba ta ci da gidan wansa ma, balle a ƙara nasa. Ya tuna karatun bokonsa da ƙauye guda ya yi ta alfahari da shi. Ya tuna kuma hanyar Magarya, yadda in ruwa ya sauka mota ke kwana biyu ba ta bi ba. Duk inda ya juya akwai abin tsoro. Da azahar ya shiga gida, sai ya tarar Zinariya ta riga ta naɗe tukunyarta da tsumma. Sale ya gaya mata.

"Ban ce ka bar aikinka ba," in ji ta. "Namiji ba shi zama banza don tukunya. Amma alkawali kay yi ma yayana, kuma ka gwada, na gani da idona. Wurin ne ba na zama ba ne, Malam. Wurin ajiyar kaya ne. Gobe Lauwali na tahiya."

Ya dubi Kulu. Tana zaune da jaririya a cinya, ta manta da kunyar, tana share mata goshi da gefen zane. Kumburin ƙafar ya sauka. Ya so ya ce asibiti, ya so ya ce Habi, sai ya fasa.

"In zazzaɓin ya dawo," in ji shi daga ƙarshe, "kada a jira. A aiko, ko da mai keke ne."

"Za a aiko," in ji Zinariya.

"Ga sauran ƙwayoyin. Safe da dare."

Tsohuwa ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta, tare da goronta.

Kafin a tashi ya je ya gaya wa Mai Lofe makulli na nan a hannunsa, ba za a ƙara hura wuta ba.

Washegari Lauwali ya kawo motarsa har ƙofar shinge don albarkacin mai jego. An riga an yi lodin gishiri da kananzir na 'yan kasuwar Goronyo, fasinja sun hau bisa kaya. Aka ba Kulu da Zinariya gaba. Sai ga Mu'azu da leburori biyu suna ɗauko itace daga bayan shinge.

"Malam, wanga hwa?" in ji Lauwali.

"Da su za shi."

"Itace? Magarya?" Ya bushe da dariya, ya juya ga fasinjansa. "Jama'a, ku ji min! Daga can aka kawo shi birni a saida, shi ko zai maida shi. Malam, gobe sai ka ba ni albasa in kai Wurno!"

Na bisa mota suka kwashe da dariya. Wani ya ce ko itacen birni ya fi ci ne. Mu'azu ya juya ga Lauwali. Ya ce a faɗi kuɗin lodin, ya biya, ya hau da kansa yana karɓa yana jerawa, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ya ɗaure da igiya, ya girgiza, ya sake ɗaurewa.

Zinariya ta leƙo ta taga. "Kai, Lauwali, rufe min baki. Kai da matarka ta yi biƙi da karan dawa." Dariya ta koma kan direba. Sa'an nan ta dubi Mu'azu, ta rage murya. "Ƙofar gida za a sauke shi, ba baya ba. Ni za ni tsaya a jera shi jikin darni."

Ya sauko ya zagaya wajen Kulu. Mutane na kallo, ba halin doguwar magana. Ta ɗan buɗe zanen ya ga fuskar Habiba, tana barci, bakinta na motsi.

"Sai kun yi arba'in," in ji shi.

Kulu ta dubi allon da ke bakin ƙofa, ta dubi jerin ƙyauren ƙarfe, sa'an nan ta dube shi. "Allah shi kai mu," ta ce.

Mota ta tashi, ta bi ta kan baƙin tabon, ta karya kwana wajen hanyar Wurno. Tulin itacen ne abu na ƙarshe da ya daina gani. Wani dillali ya taɓa shi a kafaɗa, ya ce fatunsa na kan sikeli tun ɗazu. Mu'azu ya koma ciki.

Da la'asar sakaliya aka jawo ƙofofi, layi ya watse. Ya kulle sito, ya girgiza kwaɗon, ya yi 'yan taku ya dawo ya sake girgizawa. A tsakar gida ya tarar da ganyen runhu da suka manne a siminti bayan ɗaki, sun fara bushewa. Ya ɗauko tsintsiya, ya tsaya da ita a hannu, sai ya mayar ya jingine. Ya shiga ɗakin kwano ya bunƙasa risho ya ɗora buta. Daga can bayan ganuwa aka fara kiran magariba, ya fito ya kasa kunne don ya tabbatar.